Lawwali Mai Zuciya Biyu

Jama'ar wannan shafi, ku matso kusa, yau ba dariya zalla na kawo ba.

Akwai wani manomi a Karakkai, sunanshi Lawwali. Ƙato ne, ga taurin kai. Sau uku yana yanke jiki ya faɗi, kuma duk a bakin tsohuwar rijiyar bayan gari, wadda ko an jefa dutse ba a jin ƙarar saukarshi. Mutane sunka fara raɗa: masu rijiya ne ke kiranshi.

Yayarshi Wasila ta ja shi asibiti Gusau. Likita ya manna mishi wata 'yar na'ura a ƙirji, da wayoyi, ya ce: "Kwana bakwai za ta yi tana sauraren zuciyarka. In ka faɗi tana jikinka, za mu ga dalili."

Kwana biyu, ƙaiƙayi ya dame shi. A majalisa kuma sai tsiya: "Lawwali rediyo, kamo muna labaran Kaduna!"

Sai ya ja abokinshi Jibo bayan rumbu, ya ɓamɓare na'urar, ya manna mishi. "Riƙa min, Jibo. Na'ura ta san mutum ne?"

Ranar komawa asibiti ya karɓa ya mayar jikinshi. Likita ya daɗe yana kallon kwamfuta. Can ya ɗago.

"Malam Lawwali, mutum nawa ne cikin ƙirjinka? Bugun zuciya biyu nake gani. Ka cire na'urar ne?"

Wasila ta ja kujerarta baya tana a'uziyya.

Lawwali ya ce, "Ni? Ban taɓa ta ba."

Likita ya ce a sake sawa. Lawwali ya ƙi.

Kafin su sauka mota, Wasila ta buga waya gida. Labari ya game gari: Lawwali zuciya biyu gare shi, ɗaya ba ta mutum ba. A masallaci, wanda ke gefenshi ya koma sahun baya. In ya yi sallama a majalisa, sai a amsa can ƙasa, kowa ya tuna yana da uzuri. Shi kuwa gogan har daɗi yake ji, ana tsoronshi.

Ran wata Talata da hantsi yana jan guga a rijiyar nan, sai ya sulale. Kai da ƙirji cikin bakin rijiya, ƙafafu waje, yana zamewa kaɗan-kaɗan. Mutum sun kai goma a wurin. Babu wanda ya motsa.

Wani tsoho ya ce, "Kar wanda ya taɓa. Nasu sunka zo ɗauka."

Sai ga Jibo a guje, hula a hannu. "Ku kama shi, don Allah! Zuciya ta biyun tawa ce! Ni na sa na'urar!"

Da ƙafa ɗaya anka fizgo shi. Haƙora biyu dai sun riga shi sauka.

Wannan karon kwana bakwai cif ya yi da na'ura, ko susa bai yi ba. Ta nuna zuciyarshi kan tsaya cak, daƙiƙa shida. Anka tura shi babban asibiti, anka dasa mishi ɗan batir a ƙirji. Bai sake faɗuwa ba.

Yanzu in an kira shi rediyo, shi ke fara dariya, da wawulonshi.

Darasi: Ƙaryar da ka yi wa likita, kanka ka yi wa, kuma ba kowa ke da Jibo kusa ba. Mai yawan suma ya je a duba zuciyarshi, ya yi haƙuri da na'ura. Ku tura wa wannan mai taurin kan na gidanku, kun san shi.