Taron da Ba a Yi Ba

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wata jami'a da ba sai na faɗi garinta ba, tun zamanin da ake buga takardun ofis da tafireta. Sunansa Malam Hambali. Akawu ne a sashen ilimin ƙasa. Shi ke shirya takardun kuɗin sashe: kuɗin alli da takarda, alawus ɗin malamin da zai yi tafiya, kuɗin man motar da za ta kai ɗalibai duba duwatsu. Ya buga, shugaban sashe ya sa hannu, ya rungumi fayil ya taka har ofishin bursa, mai riƙe da kuɗin jami'a, a ce ya dawo gobe. Gobe ya koma, a ce mai sa hannun ya tafi ta'aziyya. Haka ya yi ta yi har furfura ta cika masa kai. Saura shekara guda ya yi ritaya, abu ɗaya yake jira: ƙarin girma na ƙarshe, wanda a kansa za a yanka masa fansho. Ba kuwa zai samu ba sai da shaidar shugaban sashe.

To ku saurara, ku ji yadda ake yi a wurin. Ƙa'ida ce idan shekarar kuɗi ta ƙare, duk abin da sashe bai kashe ba sai ya koma asusun jami'a, baɗi kuma a rage masa kaso, a ce ai bara ma bai buƙata ba. Ofishin bursa kuwa ba ya sakin kuɗin sai shekara ta kusa ƙarewa. Sai sassa suka samo dabara. A rubuta cewa an yi taron bita, an ci abinci, an biya kuɗin zama. A zagaya da takardar halarta ofis-ofis, kowa ya sa hannu, kowa ya karɓi rabonsa. Ba wanda ke kiran wannan sata. Ceton kuɗin sashe suke kiransa.

Tsohon shugaban su Malam Hambali ba ya yi, ya gwammace kuɗin su koma. Da ya sauka, aka naɗa Dakta Sammani, matashi, tsohon ɗalibin sashen. Ba mugun mutum ba ne. Ya zo da zafinsa na gyara, ya yi ta rubuta wasiƙu ba amsa, har ya gaji. Rannan ya kira akawunsa, ya miƙa masa takarda.

"Baba Hambali, buga min wannan kafin Azahar."

Malam Hambali ya gyara tabarau ya karanta. "Ranka ya daɗe, wannan taron yaushe za a yi shi?"

"Duba kwanan watan mana."

"Na ga makon jiya ne. Makon jiya kuwa ɗakin taro a kulle yake, makullin ma yana aljihuna."

Dakta ya yi dariyar gajiya. "Baba, kai ka girme ni a gidan nan. Ka san kowane sashe haka yake yi. In kuɗin nan suka koma, baɗi ko alli ba za mu iya saya ba."

"To a yi taron da gaske mana. Ni zan share ɗakin, in jera kujeru. Ko kuwa a gyara fankokin ajin 'yan shekarar farko. Yaran nan gumi suke yi har takardar jarrabawarsu na jiƙewa."

"Gyaran fanka sai an nemo ɗan kwangila, sai kwamiti ya zauna. Kafin nan an rufe lissafi. Taro kuwa sa hannu ne kawai."

"Ranka ya daɗe, duk abin da ka ba ni zan buga. Wannan ne kaɗai hannuna ba zai iya ba."

Dakta ya ɗora hannu a kan wani fayil da ke gefen teburinsa. "Takardar ƙarin girmanka tana nan wurina, Baba. Ban ce komai ba. Tuni kawai nake maka."

Da ya fito, masinjan sashe, Ɗan'azumi, abokin wasansa, ya tare shi a baranda, don ya riga ya ji komai ta ƙofa. Ya ce, "Tsoho, wai kai kaɗai za ka shiga Aljannar nan? In ka je ka kama mana wuri kusa da fanka."

Ya ce, "Ɗan'azumi, bar ni, ƙafata ke ciwo."

A gida ma bai huta ba. Matarsa Uwani ta saurare shi har ya gama, sannan ta ɗaga kai ta dubi rufin ɗakinsu, inda ruwan damina ya bar tabo. Ta ce, "Malam, kai bugawa kawai za ka yi. Ba kai ka ƙirƙira ba, ba kai za ka sa hannu ba."

Ya ce, "Uwani, tafireta ba ta buga kanta."

"Fanshon fa?"

"Na sani."

Can ta tura masa kwanon tuwo ta ce, "Ci, zai huce. Allah ya ba mu haƙurin zama da kai."

Jama'a, kun san abin da ya faru? An kai takardar wani shago a bakin ƙofar jami'a, an buga ta kafin La'asar. Ɗan'azumi ya zagaya da ita. Malamai suka sa hannu, har da waɗanda ba sa rasa sahun farko a masallaci. Wasu in sun haɗu da Malam Hambali a baranda sai su rage murya su ce, "Wallahi Baba, kai ne da gaskiya." Su faɗi haka, su shiga ofis, su sa hannu. Takardar ƙarin girmansa kuwa ba a ce an ƙi ta ba. Ta dai kwana a aljihun tebur, ta sake kwana, har lokacin miƙawa ya wuce. Shi kuma bai fasa aikinsa ba. Kullum da safe ya buɗe ofis, ya rungumi fayilolin mutanen nan ya kai musu ofishin bursa, a ce ya dawo gobe, gobe ya koma.

Shekara ta zagayo, ranar ritayarsa ta zo, a kan matakin da yake. Aka yi masa liyafa a ɗakin taro. Aka yi ta tashi ana yabo: mutumin kirki, mai amana, irinsu sun ƙare. Dakta Sammani ya yi jawabi har muryarsa na rawa, kuma ni ban ce ƙarya yake yi ba. Aka miƙa masa katon agogon bango, aka tafa.

Da aka watse ya ja Ɗan'azumi gefe. "Wannan karo-karo kuka yi?"

"Wane karo-karo, tsoho? Albashi ya isa? Daga kuɗin taron bana ne."

Malam Hambali ya dubi agogon. Ya ari ƙusa da guduma, ya shiga ajin 'yan shekarar farko, ya taka benci da ƙafarsa mai ciwo, ya rataye shi a bango ƙarƙashin matacciyar fanka. Ya miƙa makullai, ya tafi gida hannu rabbana.

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce asiri ya tonu, an kira shi an ba shi haƙƙinsa. Ba a yi ba. Da ƙaramin fansho ya ƙare kwanakinsa, rufin nan kuma ya ci gaba da yoyo. Sakamakonsa yana wurin Allah, wanda ba a ce masa a dawo gobe.

Ni abin da ya gajiyar da ni ba Dakta Sammani ba ne. Masu cewa "kai ne da gaskiya" ne. Takardar halarta ba ta tafiya sai da sunaye. Da kaɗan daga cikinsu sun janye hannu, da ba ta cika ba, da ba a bar tsoho shi kaɗai ba. Mun mai da yabon mutanen kirki hanyar wanke kanmu. Mu yabe su, mu ba su agogo, mu ci gaba da abin da muke yi.

Darasin a fili yake. Ƙarya ba ta zama halal don kowa na yin ta, kuma yabon mai gaskiya ba ya ɗauke maka nauyin yin gaskiya. A cikinku akwai akawu, akwai malami, akwai mai hatimi a aljihun tebur. Ranar Litinin wani zai ajiye maka takarda, ya ce sa hannu ne kawai. In ba za ka iya zama Malam Hambali na farko ba, to ka zama na biyu, ka tsaya kusa da wanda ya ƙi. Ka dubi hannunka kafin ka ɗauki biro, don shi ma za a tambaye shi taron da ya halarta.

Allah ya ba mu ikon cewa a'a.