Ranar da Aka Gyara wa Auta Talabijin

Akwai wata mata mai ɗinki da kowa ke kira Maman Auta, duk da cewa 'ya'yanta biyu ne. Babban namiji ne, yana aikin ofis. Tun yana ƙarami ake ce masa Injiniya, don babu rediyon da ya shigo gidan bai kwance shi ba. Ƙaramar mace ce, ita ce Auta.

Auta tana ajin ƙarshe a sakandare idonta ya fara dushewa. Da farko rubutun allo ne ba ta gani. Daga baya ko mutum ne ya tsaya a gabanta, sai ya yi magana take gane shi. Likita ya ce ba za ta makance gaba ɗaya ba, amma abin da ya tafi ba zai dawo ba.

Yarinyar da a da surutunta ke cika gida sai ta bar makaranta, ta shige ɗaki ta murɗa makulli. A ajiye mata abinci a bakin ƙofa, a dawo a same shi yadda aka ajiye. Uwar tana kan keken ɗinki amma kunnenta na kan ƙofar nan. In ta ji shiru ya yi yawa sai gabanta ya faɗi, ta taso ta kara kunne, ko tari ne ta ji ta samu natsuwa. Iyaye mata, kun san irin wannan tsoron, ba sai na faɗa muku ba.

Ana cikin haka kawun Auta ya zo ziyara da na'urar gem, irin wadda ake jona wa talabijin. Wasan wata jaruma ce a cikin rusasshen birni, tana hawa katanga, tana tsallake ramuka, tana faɗa da 'yan fashi. Maman Auta ta ce a ranta, wannan kuma wane irin rashin tunani ne, a kawo wa mai ciwon ido abin kallo? Amma kawun ya lallaɓa yarinyar ta fito falo, suka wuni suna danne-danne da ƙus-ƙus, sannan ya koma garin da yake aiki.

Daga ranar Auta ta fara fitowa. Za ta ja kujera har gaban talabijin, ta toshe kunnuwanta da abin sauraro, ta riƙe rimot ɗin wasan da hannu biyu. Wata rana uwar na cikin ɗinki ta ji an ce, "Kai, wallahi sai na kama ka!" sai kuma dariya. Ta tsayar da keken, ta rufe bakinta da hannu, hawaye na zuba a kan yadin mutane.

Sai ta kafa wa kanta doka: in Auta na wasa, ba ta shiga falon. Ta lura da zarar yarinyar ta ji ana kallonta sai ta tsargu ta ajiye rimot. Don haka ko sau ɗaya ba ta taɓa tsayawa ta ga abin da ke kan talabijin ɗin ba.

Wata safiya Baban Auta ya tafi da ita asibiti a duba idon. Maman Auta ta ce bari ta yi amfani da damar ta share falon. Ta jiƙa tsumma, ta goge tebur, ta goge fuskar talabijin, ta ɗaga rimot ta goge shi, ta zare wayar abin sauraron don ta naɗe.

Sai talabijin ya kawo haske da kansa.

Abin da ta gani ya sa tsumman ya faɗi daga hannunta. Gidaje da bishiyoyi da sama duk sun koma toka-toka, kamar an zuba musu ƙura. Jarumar ta zama shuɗiya tun daga kai har ƙafa, babu ido babu hanci. Can nesa wasu mutane jajaye zur suna kai da kawowa. Rubutun ya kumbura, kowane harafi kamar tafin hannu. Ta sake taɓa rimot ɗin, sai wata murya ta fara magana da Turanci, rimot ɗin kuma ya hau rawa a hannunta.

"Innalillahi! Na sa masa ruwa. Na kashe wa yarinyar nan abinta."

Da sauri ta kira Injiniya a waya.

"Ka zo yanzu, don Allah, kafin su dawo."

"Mama, ina wurin aiki fa."

"Na ce ka zo!"

Ya shigo yana kaɗa makullin mashin a yatsa. Ya kalli talabijin ɗin, ya kalli uwarsa da ta yi tsuru-tsuru, sai ya tuntsire da dariya.

"Wannan ne kika tayar mini da hankali a kansa? Ba ruwa ba ne, Mama. Saiti ne aka dagula."

"Zai gyaru?"

"A hannun wa? Ki zauna ki sha kallo."

Ya zauna a kujerar Auta yana danne-danne yana tsaki. "Dubi shirme. An sa wasan ya riƙa nuna mata hanya. An sa ƙararrawa kafin a kawo mata duka. Wannan ai wasan ragwaye ne. Kawu ne ya cika mata shi da tarkace."

Wani abu ya ɗan soki zuciyar Maman Auta. "To ko dai mu bari ta dawo mu tambaye ta?"

"A tambaye ta me? Ku ne kuke shagwaɓa ta. Auta ba makauniya ba ce. Kuna ta yi mata kamar wata nakasasshiya, shi ya sa ta kwanta. A bar ta ta yi wasa kamar kowa."

Ya danna wani wuri, komai ya koma yadda ya zo daga kamfani. Nan take launuka suka dawo. Ga koren ganye, ga hasken rana a kan ruwa, ga fuskar jarumar har da tabo a kumatu. Muryar ta yi shiru. Don ya gwada, sai ya fara sabon wasa. Wani rubutu ya fito yana tambayarsa wani abu, ya danna ya wuce ko karantawa bai yi ba.

"Kin gani? Ga wasa kamar wasa."

"Kai, Allah ya yi maka albarka," in ji uwar. Ta sauke ajiyar zuciya. Har ta ga kyan abin.

Ba a jima ba Baban Auta ya sauke ta a ƙofar gida ya wuce wurin aikinsa. Ta shigo tana shafa bango da yatsu, da fara'arta.

"Mama, likita ya ce bai ƙaru ba. Wa nake jin turarensa? Yaya Injiniya? Yau kuma wace rana?"

"Ranar sa'arki," in ji shi. "Zo ki ga yadda na gyara miki gem."

Fara'ar ta ɗauke.

Ta lalubi kujera ta zauna, ta karɓi rimot. Ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa talabijin. Ta danna, ta jira. Ta sake dannawa. Babu murya. Ta tura jarumar gaba, ba ta yi nisa ba aka ji ihu, ta faɗa rami. Ta sake gwadawa, ta sake faɗawa.

"Ina muryar?" ta tambaya a hankali.

"Na cire. Ai damunki kawai take yi."

"Ina shuɗin?"

Injiniya ya kalli uwarsa.

"Toka-tokan nan ni na zaɓe shi," in ji Auta. "Shuɗin ni ce. Jan shi ne mai son kashe ni. Su kaɗai idona ke iya rabewa. Wannan da kuke cewa kyau, ni taɓo nake gani, an dama komai wuri guda. Ƙararrawar ita ke gaya mini in kauce. Rawar rimot ita ke gaya mini na fuskanci hanya. Muryar ita ke karanta mini rubutu. Yanzu ko wurin da zan shiga in mayar da su ba zan iya gani ba."

Ta saurari kiɗan da ke fitowa.

"Wannan kiɗan farkon wasa ne. Na kai bakin ƙofar ƙarshe. Yaya, ina inda na kai?"

Injiniya ya sosa ƙeya. "Wataƙila sabon wasan da na fara ya hau kan tsohon. Amma ai wasa ne, Auta."

Maman Auta ta matso. "Ni ce na kira shi. Na ɗauka ruwan tsumma ne ya ɓata shi. Na so ki dawo ki same shi lafiya."

"Lafiyarsa ƙalau, Mama. Shi kaɗai ne abin da ke lafiya a gidan nan a wurina."

Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ne ya fi tsorata uwar. Ta ajiye rimot a hankali, ta miƙe, ta shafa bango har ɗakinta. Ƙofa ta rufu. Makulli ya ce ƙaras.

Maman Auta ta bi ta. Ta zauna a ƙasa, a jikin ƙofar.

"Auta. Autata. Buɗe mu yi magana."

Ƙofar ba ta buɗu ba.

Injiniya ya ɗauki makullin mashin ɗinsa. "Za ta huce. Ni zan koma aiki."

"In ka taka ƙofar nan, kada ka sake ce mini Mama."

Ya tsaya cak. Tunda yake bai taɓa jin ta yi magana da wannan muryar ba.

"Yaushe rabonka da ka zauna ka ce mata, Auta, me kike gani? Ni ma ban tambaya ba. Ni tsoro ya hana ni, kai kuma sanin komai. Mun haɗu mun rufe mata ƙofa, muna murna mun yi gyara."

Ya ajiye makullin. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ni ban so in yarda idon ya kai haka ba ne."

"To ya kai. Zauna ka mayar."

Ya zauna. Ya kira kawu, wayar a kashe. Ya shiga wurin saitin da aka tanada don masu lalura, sai ga abubuwa jere rututu, ya yi ta gangarawa ba su ƙare ba. Na masu raunin gani daban, na kurame daban, na wanda hannu ɗaya gare shi daban, har da na wanda yatsunsa ba sa jure yawan dannawa. Ɗazu da dannawa ɗaya ya share su. Yanzu bai san wanne da wanne ta zaɓa ba. Gumi ya fara tsattsafo masa.

Da ƙyar ya gano muryar ya kunna. Uwar ta yi masa alama da hannu ya ƙara sauti. Muryar ta cika gidan, tana karanta duk abin da ya taɓa.

Maman Auta ta kara kunne a ƙofa. Ko motsi babu.

Ya ci gaba. Girman rubutu. Ƙararrawar kaucewa. Saurin maƙiya. Kowanne sai ya tsaya ya yi canki-canka. Lokaci na tafiya, ƙofar tana nan a rufe. Uwar ta tuna kwanukan abincin da ta riƙa ɗaukewa daga wannan wurin ba a taɓa su ba. Ta ce a ranta, ya Allah, kada mu koma can.

Muryar ta karanta launin maƙiyi. Injiniya, cikin gaggawa, ya zarce ja ya danna na gaba. Muryar ta ce kore.

Daga cikin ɗaki aka ce, "Ba kore ba."

Uwar ta dafe ƙirji. Injiniya ya juyo, zai gyara, ta girgiza masa kai da ƙarfi, ta nuna masa ya ci gaba a haka. Ya gane. Ya bar shi kore, ya wuce na gaba, ya rage saurin wasan har ƙasa.

"Wa ya ce ka rage gudu? Ni na ce maka ba na iya faɗa?"

"To nawa zan sa?"

"Ka bar shi yadda yake! Kuma ka mayar da jan!"

Ya danna, muryar ta ce ruwan hoda.

"Wai kai Injiniyan ina ne?"

Makulli ya ce ƙaras. Maman Auta ta ja jiki gefe da sauri, ta goge fuska. Auta ta fito idanunta jajur, ta wuce ta tsaya a kan yayanta ta miƙa hannu. Ya sa mata rimot, ya tashi daga kujerar ba tare da an ce masa ba.

Ta zauna. Da kunne kawai ta bi muryar, tana danna wannan tana tsallake wancan. Talabijin ya koma toka-toka. Jarumar ta koma shuɗiya. Amma tana tsaye ne a farkon hanya, babu makami babu komai. Duk wahalar da Auta ta sha ta tafi, kuma babu saitin da zai dawo da ita.

Uwar ta zuba wa fuskar yarinyar ido.

"Kawo in buga miki," in ji Injiniya da sauri. "Kafin yamma zan kai ki inda kika tsaya."

"Ka ga, ka sake," in ji Auta. "Na ce ka yi mini?"

Ya sunkuyar da kai. Ya durƙusa a gefen kujerar.

"To, Auta, me kike so in yi?"

Ta ɗan juyo wajen muryarsa. Gefen bakinta ya motsa.

"Ka yi shiru. Ka ga yadda ake tsallake rami."

Ta tura jarumar gaba. Rimot ya yi rawa a hannunta, ƙararrawa ta buga, ta yi tsalle.

Darasi: Abin da ka gani kamar ya lalace, wataƙila ta nan ne kawai wani yake iya shiga. Kafin ka gyara wa mai lalura abinsa, ko ka yi masa abin da bai roƙe ka ba, tambaye shi tukuna, don shi ya san abin da ke yi masa aiki. Kuma saitin da ake sa wa wasanni don masu raunin gani, ko ji, ko hannu, ba ragwanci ba ne, hakkinsu ne su ma su yi wasa. Don Allah ku tura wa iyaye da yayye, ko wani gida zai tsira daga irin wannan gyaran.