Sakan Goma Sha Ɗaya Na Muryar Mama

Akwai wani bawan Allah da 'yan gidansu suke kira Injiniya. Ba fa injiniya ba ne, mai kula da sito ne a wani kamfanin fenti. Sunan ya bi shi ne saboda ba ya bari a kira mai gyara a gida, kuma in yana riƙe da sukudireba babu wanda ya isa ya ba shi shawara.

Da mahaifiyarsu ta rasu, bai yi kuka ba. Ba taurin zuciya ba ne, kukan ne bai zo ba. Yana cin abinci, yana zuwa aiki, yana amsa gaisuwa, amma ba ya jin komai. Duk ranar hutu sai ya tafi gidan marigayiyar ya nemi abin gyarawa. Yau famfo, wani makon makullin ƙofa, har fankar ɗakin da babu mai kwana a ciki sai da ya kwance ya ɗaura.

Ƙanwarsa Auta tela ce, ita ta yi jinyar Mama shekara biyu. A cikin jinyar ta riƙa ɗaukar muryarta a waya: labarin dangi da wa ya haifi wa, waƙoƙin da take yi musu suna yara, da addu'ar da ta yi wa kowane ɗa da jika, suna bayan suna. In waya ta cika, sai ta juye a tsohuwar kwamfutar falo, ta goge na wayar. Wata maƙwabciya ce ta taya ta raba su folda uku, ta ajiye can ciki, ta sa mata alamarsu a fuskar kwamfutar don kada ta sha wahalar nema.

Injiniya bai taɓa saurarar ko ɗaya ba. Kullum cewa yake sai ya samu natsuwa.

Wata biyu da rasuwar, abin gyara ya ƙare a gidan, sai idonsa ya faɗa kan kwamfutar. Ya kunna, tana ta jan jiki. A fuskarta ga folda uku: Labarai, Waƙoƙi, Addu'o'i. Can gefe kuma ga wani fayil shi kaɗai, ba suna sai lambobi.

Ya ce, "Wannan kuma fa da kika yar a nan?"

Auta ta ce, "Gwaji ne, ranar da na fara ɗauka. Na manta ban goge ba."

"Haka kike, ɗakin ɗinkinki ma ƙyalle ko'ina. Kwamfutar nan wanke ta zan yi tas, in sa mata komai sabo."

"Yaya, muryar Mama na ciki fa."

"Na sani. Ba ga filash a hannuna ba?"

Ya tattara duk abin da ke fuskar kwamfutar ya ja zuwa filash, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta. Kafin ƙiftawar ido ya gama.

Auta ta matso. "Yaya, bai yi sauri da yawa ba? Ni in ina juyewa daga waya, har ruwa nake ɗorawa ya tafasa bai gama ba."

"Filash ɗin zamani ne."

"To mu kai gidan maƙwabta mu buɗe mu gani mana. Minti biyar ne."

Ko kallonta bai yi ba. "Auta, kin taɓa ganin na taɓa miki keken ɗinki? To bar ni da nawa."

Ta koma kan aikinta. Shi kuma ya goge komai, ya sa sabon tsari, ya cika ta da manhajoji iri-iri. Kafin yamma kwamfuta ta zama kamar sabuwa, tana gudu abin sha'awa.

Ya soka filash, ya danna Addu'o'i. Wani ɗan rubutu ya fito: ba a samu abin da ake nema ba. Ya danna Waƙoƙi, haka. Labarai, haka. Ya cire ya sake sokawa har sau huɗu. Daga ɗaki ana jin ƙarar keken Auta, shi kuma yana zaune hannu a kan gwiwa, ko faɗuwar gaba bai ji ba.

Washegari, karo na farko a rayuwarsa, ya ɗauki kaya zuwa wurin mai gyara. Auta ta bi shi.

Mai gyara ya duba, ya nuna masa da bakin biro. "Ka ga 'yar kibiyar nan a gindin kowace folda? Shotkot ke nan. Ba foldar ba ce, alama ce kawai mai nuna inda take. Allon da ke nuna gida ka ɗauko, maigida, gidan kuma ka rushe."

Kwana uku mai gyara yana ƙoƙarin tono abin da aka goge. Sababbin abubuwan da Injiniya ya zuba sun hau kai. Abin da aka samo gutsattsari ne, ko ɗaya bai buɗe ba.

Da suka koma karɓa, mai gyara ya ce, "Abu ɗaya ne na gaske a filash ɗin. Wannan marar sunan. Shi yana kan fuskar kwamfutar da kansa, shi ya sa ya biyo."

Auta ta ce a kunna. Aka ji motsin zani, aka ji tari, sai muryar Mama tar, kamar tana tsaye a bayansu:

"Ya fara ɗauka? Ke Auta, kada ki ɓata abin mutane. Bari yayanki ya zo, shi ya san komai."

Sai 'yar dariya, sai fayil ɗin ya ƙare. Sakan goma sha ɗaya. Abin da ya rage ke nan daga shekara biyu.

Wallahi da Auta ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta sa aka kwafa a filash uku, ta sa masa suna Mama, ta tsaya aka buɗe kowanne a gabanta, sannan ta miƙa masa ɗaya.

Har yau bai yi kuka ba. Yana zuwa aiki, yana dawowa. Sai dai ya roƙi 'yan gida su daina kiransa Injiniya. Sun daina, amma mutum ɗaya ba ta daina cewa ya san komai ba, kuma kullum sai ya kunna ya ji ta.

Darasi: Kafin ka goge abu, buɗe kwafin da ka yi ka gani da idonka, kuma abin da ba shi da madadi kada ka ajiye shi wuri ɗaya. In na ƙasa da kai ya ce a tsaya a duba, tsaya, minti biyar ba za su rage ka da komai ba. Ku tura wa duk wanda ke da muryar iyayensa a waya ko kwamfuta, yau ba gobe ba.