Hankaka da Akwatin da ke Numfashi

An yi wani Hankaka a dajin Kufan Tsaure, tun zamanin da hankaki farare ne tas kamar sabuwar auduga. Fankama ce cutarsa. Ya taɓa yin ɗan zama a tagar wata makaranta yana leƙe, daga nan ba a ƙara gaya masa magana ba. Ko atishawa ya yi sai ya ce da Turanci ya yi ta.

Wurin kufai ne. Mutanen garin sun tashi tuntuni, ba wanda ya san dalili, sun bar bangwaye a tsaye da tukwane a kife. Abin kirki ɗaya da suka bari shi ne rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. A gindin tankinta akwai akwatin ƙarfe a rufe ruf, cikinsa wata ƙwaƙwalwar kwamfuta. Aikinta bai wuce wannan ba: in ruwa ya yi ƙasa ta kunna famfo, in tanki ya cika ta kashe. Da ruwan nan dabbobin dajin kaf suke rayuwa.

Ana cikin bazara tsawar wani busasshen hadari ta faɗa, ta ƙone ƙwaƙwalwar. Famfo ya yi tsit. Ruwan tanki kuwa bai fi rabi ba.

Sai dabbobi suka tura Hankaka neman wata wurin Gafiya, mai kwaso tarkacen birni tana tarawa. Suka haɗa shi da Jaɓa, wadda ke tsoron komai a duniya amma bakinta ba ya tsoron kowa.

Ramin Gafiya yana ƙarƙashin wani rusasshen ɗaki. Ciki duhu, ga wayoyi na reto kamar jijiyoyi, ga kan 'yartsana mai ido ɗaya yana kallon duk wanda ya shigo. Jaɓa ta maƙale a ƙafar Hankaka tana ta addu'a.

Gafiya ta jawo abu biyu ta ajiye. Na farko siriri ne mai ƙyalli, da 'yar fanka a kansa. Ta ce wannan ƙwaƙwalwar laftof ce, irin wadda mutane ke ɗorawa a cinya. Saurinta ya wuce misali, kafin ka ƙifta ido ta gama lissafin duniya. Amma 'yar gata ce, ta saba da ɗaki mai sanyi, ta yi aiki ta huta, kuma dole fankarta ta sha iska.

Na biyun wani dunƙulen ƙarfe ne mai toka-toka, bayansa tsage-tsage kamar mataji. Ta ce daga injin masana'anta aka ciro shi. Ba shi da saurin waccan, ba shi da fanka, zafinsa ta ƙarfen bayan nan yake fita. An yi shi ne don a kulle shi a manta da shi, rana ta dake shi, ya yi ta abu ɗaya shekara da shekaru.

Hankaka bai ko kalli na biyun ba. Tuni ya hango kansa a saman tanki, ana nuna shi ana cewa ga wanda ya kawo mana mai sauri.

Jaɓa ta leƙo ta ce, "Gwaggo Gafiya, kin ce waccan tana shan iska? Numfashi ke nan fa. Ni duk abin da ke numfashi na san ƙarshensa."

Hankaka ya ce, "Ke da ko ƙofar makaranta ba ki taɓa gani ba, wa ya sa da ke?"

"Kai da ka gani, ta taga ka gani. Kunna famfo da kashewa ne sai an kira mai lissafin duniya?"

"Ni na zaɓa, ni zan tsaya mata. In ta ba da kunya ku ce da ni tsohon ƙazami."

Gafiya ta miƙa masa mai ƙyallin, ta mayar da dunƙulen inda take matashin kai da shi.

Aka haɗa ta a akwatin. Nan take ruwa ya zubo, Hankaka ya hau tanki yana amsa gaisuwa. Amma da yake fanka na son iska, sai ya cire robar da ke toshe bakin akwatin, ya saƙale ƙofar da tsakuwa ya bar ta a buɗe kaɗan. Bai gaya wa kowa ba.

Kun dai san zanzaro, ba ta ganin rami ta wuce. Ta shiga ta fara ɗaukar laka tana gini, kuma ba inda ya yi mata kyau sai jikin fanka.

Da tsakar rana abin ya fara, lokacin da inuwa ke ɓuya a ƙarƙashin mai ita, ko kurciya ta yi shiru. Masu shan ruwa suka ji numfashi daga cikin akwati, a hankali, kamar na mai barci. Washegari ya koma nishi. Bayan nan ya zama kakari irin na wanda ake jira. Famfo ya riƙa tashi shi kaɗai, ruwa ya yi ta ambaliya a ƙasa ba mai kashewa, can kuma ya ɗauke ƙaf. Barewa ta rantse ta ji an kira sunanta. Aka fara raɗe-raɗin cewa mutanen kufan ne suka dawo neman ruwansu. Dabbobi suka daina zuwa, suka gwammace ƙishirwa, jarirai na kuka a ramuka.

Hankaka ya san ba wata fatalwa, amma shi ma gashinsa tashi yake. Jaɓa ta same shi ta ce a koma a karɓo dunƙulen tun ruwa bai ƙare ba. Ya ce mata sai dai bayan ransa.

Da rana ta take, ya faki ido ba kowa, ya kutsa cikin akwatin. Zafi kamar tanda. Ga fanka ta cushe da laka, tana ƙoƙarin juyawa tana kasawa, ashe kakarin ke nan. Ya buɗe fukafukai ya shiga yi wa ƙwaƙwalwa fifita, wai ko ta farfaɗo kafin a gane.

Garin fifita fiffikensa ya bugi tsakuwar. Ƙofa ta rufe.

A cikin duhun kakarin ya tsaya cak. Sai ƙauri, sai hayaƙi. Ya manna ƙirjinsa a jikin ƙofa yana neman iska, yana kiran Jaɓa, amma abin da ke fita daga maƙogwaronsa ba ya kama da magana.

Dabbobi na nesa suna ji, kowa ya ƙara ja da baya. Jaɓa ce kaɗai ta saurara da kyau ta ce, "Fatalwa ba ta tari." Ta je ta ɓanɓare ƙofar, wani baƙin abu ya faɗo a gabanta, ashe Hankaka ne hayaƙi ya rine shi. Ƙirjin da ya manna a ƙofa da zoben wuyansa kaɗai suka rage farare.

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Sannu, tsohon ƙazami."

Aka karɓo dunƙulen Gafiya, aka mayar da roba, aka kulle akwati. Ruwa ya dawo. Har yau in rana ta take za ku ga hankaka ya sauka kusa da tanki, ya karkata kai yana saurare. Ba ya jin komai, don dunƙulen ba ya numfashi, kuma shirun nan ne ke sa shi tashi da ihu cikin shaƙaƙƙiyar murya.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kafin ka zaɓi kayan aiki ka fara duba aikin da za su yi da inda za su zauna. Ƙwaƙwalwar laftof ba ta da laifi a kan tebur cikin inuwa, amma wurin da rana ke duka ba hutu, mai juriya ake kaiwa. Wanda ya zaɓa don a yabe shi, shi zai shiga akwati ya yi fifita.