Maganin Injin Sarkin Tasha

Shekara bakwai Jatau bakanike yana Kwatano. Ya dawo ya tarar an sare rimin tasha, mai ƙosai ta koma taliya, Sarkin Tasha kuwa ya tilasta wa direbobi sayen wani magani da ake ƙara wa baƙin mai.

Sarkin ya ƙwace masa akwatin kayan aiki. "Ba ka karɓa sai ka shaida wa direbobi maganina yana gyara inji."

"Ranka ya daɗe, gara su gani da idonsu! Kawo makullin jif ɗinka in ɗura mata kwalba uku."

"Tawa? Kana hauka? Ka kashe min inji?"

Tasha ta kaure da shewa. Jatau ya sungumi akwatinsa yana dariya. "Wace mota ke lodin Agadas?"