Haƙoran Kurege a Gaban Alƙali

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Iya.

To ku matso, mai abu a baki ya haɗiye, wannan ta haƙora ce.

Kurege dai yana da rumbun gyaɗa cike fal, amma idonsa na kan gyaɗar irin da maƙwabciyarsa Bushiya ta ajiye don shuka. Ya rarake sanhon da ta zuba gyaɗar a ciki, ya ci, ya ci, ya bar mata ɓawo.

Bushiya ta kai kuka wurin Kunkuru mai sulhu, tsoho ne, idonsa ya soma hazo. Kunkuru ya ce, "Ku rantse, abin da na gani na faɗa, shi ke nan." Suka rantse.

Ashe Kurege ya kwaɓa ƙaro da garin gawayi ya shafe haƙoransa. Ya wangale baki ya ce, "Baba, duba. Da me zan ci gyaɗa? Da dasashi?"

Kunkuru ya leƙa, ya ga duhu. Ya sa aka rubuta: Kurege ba shi da haƙori, bai ci ba. Kurege ya soma kaɗa wutsiya.

Kunkuru ya ce, "Tsaya, ɗana. Sulhu ba ya sallamar kowa hannu rabbana. Mara haƙori me zai yi da rumbun gyaɗa? A ba Bushiya rumbun, ita kuma ta riƙa dama maka kunu."

Kunu da safe, kunu da rana, tsararo, ko gyaɗa babu. Kurege ya rame har wutsiya ta fi shi nauyi. Ya wanke baki, ya ɗaukaka ƙara wurin alƙali Gauraka.

Gauraka ya ce, "Kunkuru ya ci hanci?"

"A'a, Allah ya gafarta Malam."

"Ya hana ka magana?"

"A'a."

"Ya taka doka?"

"A'a, gani ne bai gani daidai ba. Ga haƙoran nan, farare tas!"

Gauraka ya kau da kai. "Rufe mini baki. Ni takarda nake dubawa, ba baki ba. Abin da mai sulhu ya gani ya ganu. Ba kai ka rantse ba?"

Kurege ya fito yana hawaye. Can a hanya sai ya tsaya cak, ya ce, "Af! Ashe mara haƙori ba ya laifin tauna." Ya faɗa rumbun Bushiya ya ci. Ya faɗa na Kunkuru ya ci. Ya faɗa na alƙali kansa, a nan aka kama shi, kumatu tim.

Ya ce, "Ni? Malam, a karanta takarda."

Aka karanta. Gauraka ya dubi takarda, ya dubi ɓawon gyaɗarsa. Sannan ya ce, "Gaskiyarka. Takarda ta ce babu haƙori, baki ya ce akwai. Takarda kuwa ba ni da ikon taɓa ta. Sai dai a gyara bakin. A kira Ƙaguwa wanzamiya, ta zo da awartakinta."

"Malam, na janye ƙarar! Kunun ma da daɗi!"

"Ƙara ta mutu tun tuni. Wannan gyaran kuskure ne."

Ƙaguwa ta soma cire haƙora: ɗaya, biyu, uku, har na can ƙurya. Da aka gama, Kunkuru ya rarrafo ya leƙa bakin, ya ce, "Ba ga shi ba? Ai na faɗa muku."

Bushiya ta miƙo ƙwarya. "Sha, maƙwabci, kada ya huce."

Ƙurunƙus kan kurege. Ku kuwa in za ku yi ƙarya a gaban mai sulhu, ku zaɓi wadda za ku iya zama a cikinta, don da ita za a binne ku.