Karin Kumallon Gakuto

Yaya Shunpei, wata takwas ke nan da rasuwarka, takalmanka na nan rataye a bayan ƙofa. Ban iya tsara zance kamar kai ba, amma bari in ba mutanen shafin nan labarin da ya fi sa ka dariya.

Akwai wani mai gyaran kekuna, sunansa Shunpei. Duk Asabar ɗin da ya samu sarari, sai ya goya tanti da katifar faɗuwa, ya ratsa dajin bakin teku har ya sauka inda wani baƙin dutse ke zaune cikin yashi. Dutsen bai wuce tsayin mutum uku ba, amma ba wanda ya taɓa hawansa ta fuskar da ke kallon ruwa. Sai teku ta janye ake iya tsayawa a gindinsa, awa biyu kacal. A al'adar masu hawa kuwa, wanda ya fara kaiwa sama shi ke raɗa wa hanyar suna.

Shekara uku Shunpei yana fama da shi. Kafin ya hau, kullum sai ya ɗauko tsohon buroshin haƙori ya goge gishiri da yashi daga duk inda yatsa zai kama.

Wani ƙarshen mako ya tafi da maƙwabcinsa Gakuto, mai kai saƙo a babur, gwanin hawan bangon wasa na cikin gari. Tun a hanya Gakuto ke cika baki. Ya bar wa Shunpei tukunya da katifa, yana gaba yana fito, wai har ya zaɓi suna: Karin Kumallon Gakuto, don kafin shayi ya huce zai gama da dutsen.

Da ya ga buroshin sai da ya riƙe ciki don dariya.

"Tsoho, shekara uku kana wanke wa dutse baki, ya taɓa ce maka an gode?"

"Bai dai taɓa cizona ba," in ji Shunpei.

Gakuto ya kama dutse ko yashin takalminsa bai kakkaɓe ba. Sau tara yana sulluɓowa, sau tara Shunpei na tare shi yana karkata shi kan katifa, har teku ta dawo ta kore su.

Da yamma suna gasa kifi a gaban tanti, Gakuto ya haɗe rai, ko dunƙulen shinkafarsa bai taɓa ba. Shunpei ya ɗauki tsinke ya zana masa dutsen a ƙasa. Ya ce can hagu, ƙarƙashin farin gishiri, akwai ɗan rami mai cin yatsu biyu, buroshi ne ya tono shi bara. Ya san cewa da wannan ramin Gakuto zai iya riga shi sama, shekara ukunsa ta tafi a banza.

"Me ya sa ka faɗa mini?"

"Fuskar nan taka na ɓata mini kifi."

Da safe, kafin teku ta janye, suka hau tsaunin da ke bayan dajin. A dawowa Gakuto ya dage ya san yanke, yanken ya kai su cikin ƙaya. Kafin su iso, ruwa har ya fara lasar gindin dutsen. Lokacin mutum ɗaya ya rage. Suka yi wasan hannu na dutse, almakashi, takarda don fitar da mai hawa. Gakuto ya ci.

Shunpei ya shimfiɗa katifa, ya miƙa masa buroshi, ya ɗaga hannuwa zai tare shi.

Gakuto ya taka, ya goge inda aka nuna masa. Ga ramin nan. Kewayensa duk sawun buroshi, fes, kamar kwanon da ake wankewa kullum. Ya daɗe yana kallo, sannan ya diro.

"Yaya, ƙafata na ciwo. Hau."

"Wace ƙafar?"

"Duk wadda ka ga dama. Hau mana, ruwa na zuwa."

Shunpei na tsakiyar hawa teku ta fara ɗaga katifar. Gakuto ya danne ta da gwiwa, hannuwa a sama, baki buɗe yana ba shi ƙarfi. Igiyar ruwa ta zo ta cika masa bakin taf. Yana tari yana tofarwa, amma bai sauke hannu ba har Shunpei ya miƙe tsaye a kan dutsen.

Gakuto ya tambaye shi suna. Shunpei ya leƙo, ya gan shi jagab, gansakuka a kunne, ya ce ai sunan da Gakuto ya zo da shi ya yi, tunda ga shi ya karya da ruwan gishiri.

Har yau haka ake kiran hanyar.

Darasi: Kada ka raina ɗan aikin da wani ke maimaitawa cikin haƙuri, kuma alherin da ka yi a lokacin da zai iya jawo maka asara, shi ne ke juya zuciyar mai girman kai. Ku tura wa wanda ya taɓa tsaya muku a ƙasa lokacin da kuke hawa.

Yaya, Lahadin da ta wuce na je ni kaɗai na goge maka ramin. Yatsuna sun shiga daidai. Ban faɗa wa kowa ba tukuna, ko Gakuto.